Wa'azin Wuta a Mayo Bani: Tsoro Ya Isa Ya Zama Hujjar Bangaskiya?

Da zarar an kai amfanin gona gida, iskar hunturu ta fara kaɗawa, majami'un ƙasar Mubi sukan shiga lokacin tarurrukan farkawa. A Mayo Bani da ƙauyukan da ke kewaye da ita cikin ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa, kamar sauran garuruwan arewacin Adamawa, akan kafa lasifika a fili, zumuntar mata su buɗe da waƙa, matasa su karɓa, sa'an nan baƙon mai wa'azi ya miƙe. Ko daga ina ya faro, sau da yawa wuri ɗaya yake sauka: in ka mutu a daren nan, ina za ka farka? Daga nan sai bayanin wutar da ba ta mutuwa, da ƙishin da babu ɗigon ruwa, da kukan da babu mai ji. Kafin addu'ar rufewa, gaban dandali ya cika da masu durƙuso.

Ba na shakkar hawayen waɗannan mutane, ba kuma na zargin masu wa'azin da neman suna. Tambayata ita ce: tsoron Jahannama dalili ne mai gamsarwa da zai sa mai hankali ya gaskata cewa Yesu Almasihu shi ne hanya? A ganina bai isa ba. Tsoron wuta yana da gurbinsa a bangaskiyar Kirista, gurbi na gaske, amma aikinsa a cikin gida yake, a zuciyar wanda ya riga ya ba da gaskiya. In aka fito da shi bakin ƙofa aka ce shi zai shigo da na waje, an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Gari irin Mayo Bani, inda ƙararrawar coci da kiran salla ke shiga kunne ɗaya, ya fi kowane ajin falsafa nuna dalilin haka.

Abin da masu wannan salo suke da shi a hannu

Masu wa'azin wuta ba daga iska suka ɗauko shi ba. Mafi yawan gargaɗin Jahannama a Sabon Alkawari daga bakin Yesu kansa ya fito. A Markus sura 9 ya nuna gara mutum ya rasa hannu ko ido da ya faɗa wuta da jikinsa cikakke. A Luka sura 16 akwai mai arzikin da ya roƙi ɗigon ruwa bai samu ba. Littafin Wahayi kuma ya yi maganar tafkin wuta kafin ya rufe. Kiristan da yake so a shafe waɗannan wurare, da Littafinsa yake rigima. Hujjar masu wa'azin kuwa mai sauƙi ce: in haɗarin gaskiya ne, yin shiru ƙeta ce, kuma gara ka tsorata ɗan'uwanka yau da ka bar shi ya yi da-na-sani ranar da ba ta da magani.

Suna da manyan magabata a kan wannan. Blaise Pascal, masanin lissafi ɗan Faransa wanda ya rasu a 1662, ya tsara abin kamar caca: in ka ba da gaskiya ga Allah ya zamana akwai shi, ka ci ribar da ba ta da iyaka, in ya zamana babu, asararka kaɗan ce, in kuwa ka ƙi ya zamana akwai shi, ka yi asarar da ba ta mayuwa. Majalisar Trent ta cocin Katolika ta yanke a 1551 cewa nadamar da tsoron wuta ya haifar, ko da ba cikakkiya ba ce, baiwa ce daga Allah wadda take shirya mai zunubi ga karɓar alheri. A ranar 8 ga Yuli 1741, Jonathan Edwards ya yi wa'azi a Enfield ta Amurka a kan masu zunubi a hannun Allah mai fushi, har kururuwar jama'a ta tilasta masa dakatawa.

Masu binciken halayyar ɗan Adam ma sun ba su ɗan goyon baya. A 2012 Azim Shariff da Mijke Rhemtulla sun duba bayanan ƙasashe 67, suka ga inda mutane suka fi gaskata akwai wuta, laifuffuka sun fi ƙaranci. Irin wannan bincike yana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare ne kawai, bai tabbatar ɗaya ne ya haifi ɗayan ba, amma dai ya yi daidai da abin da kowace uwa ta sani: tsoro yana riƙe hannu.

To mun yarda tsoro yana aiki. Sai dai abin da yake aiki daban, abin da yake gaskiya daban, kuma a nan ne maganar ta fara tsagewa.

Wuta biyu, hanya biyu

Kafin mutum ya ji tsoron Jahannamar da fasto ya kwatanta, dole ya riga ya yarda da abubuwa da dama: cewa akwai Allah, cewa akwai hisabi bayan mutuwa, cewa Littafi Mai Tsarki ya faɗi gaskiya game da hisabin, cewa kuma Yesu ne mafita. Wanda ya yarda da waɗannan duka ai ya riga ya shigo, saura tuba da biyayya. Wanda bai yarda ba kuwa, barazanar ba ta da abin kamawa a jikinsa. Ashe tsoron yana tsaye ne a kan bangaskiyar da aka ce shi zai haife ta. Ɗa ba ya haifar uwarsa.

Wani zai ce ai ko shakka kaɗai ta isa, kamar yadda Pascal ya lissafa: tun da wataƙila gaskiya ne, ka bi don ka tsira. Wannan lissafi yana tafiya ne a garin da addini ɗaya kaɗai ke magana. Tun a ƙarni na 18 masanin falsafa Denis Diderot ya lura cewa limamin Musulmi zai iya kawo lissafin nan sak, ba tare da canza komai ba sai sunan addinin. Abin da Diderot ya hango daga Faransa, mutanen arewacin Adamawa suna rayuwa a cikinsa kullum. A gidajen Fali da Margi da Kamwe da Gude ba abin mamaki ba ne ka tarar wa yana zuwa masallaci, ƙane yana zuwa coci, uwa ɗaya uba ɗaya. Saurayin da ya taso a irin wannan gida yana jin gargaɗi daga ɓangare biyu. Kawunsa mai bishara ya ce masa wanda ya ƙi Ɗan Allah ya ƙi ceto. Baffansa malami ya ce masa cewa Allah yana da ɗa shirka ce, wanda ya mutu a kanta kuwa makomarsa wuta. Dukansu suna ƙaunarsa, dukansu da gaske suke, kuma abin da ɗaya ya kira tsira shi ne ainihin abin da ɗayan ya kira halaka.

Musulunci ba baƙo ba ne a fagen tsoratarwa. Malamai suna da babin kwaɗaitarwa da tsoratarwa sukutum, littafin Al-Munziri a kan wannan sananne ne a zaurukan karatu, kuma waƙoƙin wa'azi na Hausa da Fulatanci tun zamanin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo sun cika da bayanin azabar kabari da ta wuta. In gasar ta wanda ya fi iya kwatanta azaba ce, babu ɓangaren da zai kayar da wani. Wanda ya yi ihun gobara a tsakiyar kasuwar Mubi zai sa kowa ya zabura, amma ihun bai nuna wa kowa ƙofar da za a bi ba. Saurayin nan yana bukatar abin da zai auna da'awa biyu da shi, kuma tsoro nauyinsa ɗaya ne a kowane gefen ma'auni.

Abin da 2014 ta koya mana game da furucin dole

Yankin nan ya san tsoro sanin da ba na labari ba. A watan Agustan 2014 Boko Haram ta kama Gwoza da Madagali, farkon Satumba Gulak da Michika suka faɗi, ranar 29 ga Oktoba kuma ta shiga Mubi ta sa mata suna Madinatul Islam. A ranar ce kuma aka mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, da ke Kwarhi, tare da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp. Jama'a suka watse, wasu Yola, wasu kan duwatsu, wasu Kamaru. Kafin nan, a watan Afrilu, an sace 'yan mata 276 a Chibok, mafi yawansu 'ya'yan EYN, kuma a watan Mayu aka nuna su a bidiyo cikin hijabi ana cewa sun musulunta.

Akwai wanda ya kalli bidiyon nan ya ce an gamsar da yaran? Kirista bai ce haka ba. Malaman Musulunci na kirki ma ba su ce ba, domin ƙa'idar cewa babu tilas a addini tana cikin Alƙur'ani. Kowa ya gane cewa bakin da ke ƙarƙashin bindiga yana faɗin abin da zai kawar da bindigar ne. Su kansu masu bindigar ba su bar Musulmi ba: bam ɗin da ya tashi a masallaci a Mubi lokacin sallar asuba ranar 21 ga Nuwamba 2017, da na 1 ga Mayu 2018, masu salla ya kashe. Mutanen da suka ɗauka mabuɗin wuta da na aljanna yana aljihunsu ne suka aikata.

Na san za a ce kwatancin bai dace ba, domin gargaɗin Allah gaskiya ne kuma yana da ikon yinsa, barazanar ɗan ta'adda kuwa zalunci ce. Na yarda da bambancin ɗari bisa ɗari. Amma bambancin yana wajen mai magana ne. A wajen mai sauraro, zuciyar da firgici ya kama hanyarta ɗaya: ta kama duk abin da zai sauke firgicin. Furucin da ya fito a wannan hali shaida ce cewa mutum ya tsorata, kuma iyakar abin da ya tabbatar ke nan. Wasiƙar Yakubu ta yi wannan magana da kaifi a sura ta 2, inda ta nuna aljanu ma sun yarda Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki, rawar jikin kuwa ba ta cece su ba.

Edwards da kansa ya gane wannan. Bayan guguwar farkawa ta lafa ya ga da yawa sun koma gidan jiya, sai a 1746 ya fitar da littafi a kan motsin zuciya a addini, yana cewa tsananin kuka da firgita ba tabbatacciyar alamar sabuwar haihuwa ba ce, alamar da ta fi ƙarfi ita ce halin mutum a tsawon lokaci. Martin Luther ma, wanda cocin Lutheran ta LCCN da ke Numan take ɗauke da sunansa, tsoro ne ya kore shi zuwa gidan sufaye a 1505 bayan tsawa ta faɗi kusa da shi. Ya yi shekaru yana azumi da ikirarin zunubi ba tare da kwanciyar rai ba, har daga baya ya furta cewa ya kai ga jin haushin Allahn da yake tsoro. Abin da ya kwance shi karatun wasiƙar Romawa ne, inda ya fahimci adalcin Allah kyauta ce da ake karɓa ta bangaskiya. Tsoro ya kai shi ƙofar gidan sufaye, ya bar shi a can.

Ta wace ƙofa bishara ta shigo ƙasar nan?

Tarihin ikilisiyar yankin yana da abin cewa. A ranar 17 ga Maris 1923, 'yan mishan Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta farko a gindin tsamiya a Garkida. Abin da ya biyo baya makaranta ce, da asibiti, da wurin jinyar kutare, da fassara Littafi zuwa harshen Bura. Sai a 1927 aka yi baftisma ta farko, shekara huɗu bayan isowarsu, kuma mutum huɗu ne kacal. Daga nan aiki ya bazu zuwa Lassa, Marama, Chibok, Gulak, har ƙasar Mubi. A kudu kuwa likita ne, Niels Brønnum ɗan Denmark, ya fara aiki a Numan a 1913.

Ba ina cewa waɗannan mishan ba su taɓa ambaton hukunci ba, ko kuma makaranta da magani ba su da nasu jan hankali na duniya. Abin lura shi ne mutanen tsaunukan Mandara ba masu saurin miƙa wuya ga tsoro ba ne. Hare-haren Hamman Yaji na Madagali, wanda aka rubuta kamun bayinsa a littafin ajiyarsa kafin Turawa su tuɓe shi a 1927, sun ƙara manne su da duwatsunsu da al'adunsu ne. Abin da ya sa jikokinsu suka cika majami'u ya ɗauki shekaru: ganin wanda ya wanke gyambon kuturu, da jin Littafi a harshen uwa, da masu bishara 'yan ƙasa da suka zauna cikin mutane suna noma tare da su.

Ita kanta EYN daga wane tushe ta fito? Ikilisiyar 'Yan'uwa ta fara ne a 1708 a Schwarzenau ta Jamus, lokacin da mutum takwas ƙarƙashin Alexander Mack suka yi baftisma a kogin Eder, a zamanin da hukuma ce ke zaɓa wa talaka cocinsa. Ɗaya daga ginshiƙanta shi ne babu tilastawa a addini. Shi ya sa ba ta yi wa jarirai baftisma, sai wanda ya girma ya shiga aji ya fahimta ya zaɓa. Ikilisiyar da ta ƙi karɓar furucin da sarki ya tilasta, ya kamata ta yi hattara da furucin da firgicin dare ɗaya ya tilasta.

Manzanni ma ba ta nan suka bi ba. Duba wa'azozin da ke cikin Ayyukan Manzanni, na Bitrus ranar Fentikos, nasa a gidan Karniliyas, na Bulus a Atina. Suna ambaton ranar shari'a da kira ga tuba, amma babu inda suka tsaya suna zana harshen wuta. Abin da suke ajiyewa gaban jama'a a matsayin hujja shi ne rayuwar Yesu, mutuwarsa, da shaidar cewa ya tashi. Wannan da'awa ce da mutum zai iya bincika, ya yarda ko ya musa. Bulus kuma, a Romawa sura 2, alherin Allah ya ce yana jawo mutum ga tuba.

Wa Yesu yake tsoratarwa?

Wannan tambaya ce da ba a cika yi ba. In ka bi gargaɗin wuta a cikin Bishara ɗaya bayan ɗaya, za ka ga yawancinsa ga masu addini aka nufa. A Matiyu sura 5 yana magana da almajirai da taron da suka biyo shi, a kan zagin ɗan'uwa da sha'awar matar wani. A sura 23 malaman Attaura da Farisiyawa yake fuskanta, masu tsananta ƙananan dokoki su bar adalci da jinƙai. Misalin mai arziki da Li'azaru an ba da shi ne a kunnen Farisiyawan da Luka ya ce masu son kuɗi ne, laifin mai arzikin kuwa shi ne maroƙi yana kwance a ƙofarsa yana tsallake shi. A Matiyu sura 25, waɗanda aka kora an kore su ne saboda mayunwaci da baƙo da marar lafiya da ɗan kurkuku da suka yi wa kunnen uwar shegu.

Sai ka duba yadda ya yi da waɗanda ake gani na waje. Basamariya a bakin rijiya, ruwa ya roƙe ta, ya yi mata maganar ruwan rai. Zakka mai karɓar haraji, gidansa ya sauka, tuban ya biyo baya. Jarumin sojan Roma, yabon bangaskiyarsa ya yi. Wa'azinmu na yau sau da yawa ya juya tsarin: wuta ga maƙwabci da mashayi da yarinyar da ta sa wando, ta'aziyya ga mai kujerar gaba.

A cikin misalin Li'azaru akwai kuma abin da ya kamata ya sanyaya gwiwar masu yaɗa faifan mutanen da suka ce sun mutu sun ga wuta sun dawo, irin waɗanda ke yawo a WhatsApp, ana lissafa matan da aka gani a can saboda 'yan kunne da ƙarin gashi. Mai arzikin ya roƙi a aika wani daga matattu ya gargaɗi 'yan'uwansa biyar. Ibrahim ya amsa masa cewa wanda bai saurari Musa da annabawa ba, ko matacce ya tashi ba zai gamsu ba. Wato labarin wuta daga bakin wanda ya ce ya gani da idonsa, Yesu da kansa ya ce ba shi ne zai kawo bangaskiya ba.

Hujja mafi nauyi a kaina

Akwai abin da zan fuskanta ba kwana-kwana. A Matiyu sura 10 Yesu ya gaya wa almajiransa kada su ji tsoron masu kashe jiki, su ji tsoron wanda yake da iko ya hallaka jiki da rai a wuta. Ba za a ce wannan tsoro ne ya riƙe waɗanda suka ƙi musun bangaskiyarsu a gaban bindiga ba? Mai yiwuwa ya riƙe wasu, kuma wanda bai tsaya a wurin ba ba shi da bakin raina su. Amma ka lura da wanda aka faɗa wa maganar: almajirai ne da aka riga aka aika. Tsoron Allah a nan yana tsare bangaskiyar da take akwai. Kuma nan take bayan gargaɗin, Yesu ya shiga maganar tsuntsayen da Uba yake lura da su da gashin kai da aka ƙidaya, ya rufe da cewa kada su ji tsoro.

Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, an sace shi a farkon Janairun 2020, aka kashe shi ranar 20 ga watan. A bidiyon da masu garkuwa da shi suka fitar, mutane sun ga mutum cikin natsuwa yana cewa bai karaya ba domin kowane hali a hannun Allah yake, in an ƙaddara zai koma ga iyalinsa, in ba haka ba nufin Allah ne, yana roƙon a yi godiya maimakon kuka. Wannan harshen mai dogara ne. Wasiƙar Yahaya ta fari, sura 4, ta bayyana cewa ƙauna in ta cika takan kori tsoro, domin tsoro yana tafe da zaton hukunci. Musulmi ma suna da irin wannan fahimta a labarin Rabi'atul Adawiyya ta Basra, wadda aka ce ta yi burin a bauta wa Allah don shi kansa, ba don gudun wuta ko kwaɗayin aljanna ba, kuma Imam Gazali ya koyar cewa tsoro da fata sai sun tafi tare.

Kuɗin da ake biya

Wa'azin da ya jingina ga tsoro kaɗai yana da tsada. Na farko, tsoro yana sanyi, don haka sai an ƙara masa itace kowace shekara, shi ya sa fuskoki ɗaya suke fitowa gaba a kowane taro, kamar ceton bara ya ƙare. Na biyu, yana buɗe kasuwa. Takardun gafara da Johann Tetzel ya sayar a Jamus, waɗanda suka harzuƙa Luther a 1517, tsoron azabar lahira aka mayar kuɗi, kuma duk wanda ya taɓa jin an haɗa rashin ba da zakka da la'ana ya san kasuwar ba ta tashi ba. Na uku, akwai yara da manyan da suka ga kisa da idonsu a 2014, waɗanda har yau ƙarar babur da dare take tayar musu da hankali. Shariff ɗin nan da Lara Aknin sun ruwaito a 2014 cewa gaskata wuta yana tafiya da ƙarancin jin daɗin rai. Zuba wa mai irin wannan rauni hoton azaba ta lasifika abu ne da makiyayi ya kamata ya auna sau biyu.

Na huɗu, yana jawo tambayar da ba a amsa ta da ihu: kakanninmu da suka mutu a kan duwatsu kafin 1923 fa? Kiristoci ba su taɓa zama baki ɗaya a kan yanayin wutar ba. Augustine ya tsaya a kan azaba ta har abada, kuma wannan ce koyarwar da ta rinjaya. Gregory na Nyssa a ƙarni na 4 ya yi fatan maido da kowa a ƙarshe. John Stott, babban malamin bishara na Ingila, ya bayyana a 1988 cewa ya karkata ga ra'ayin hallakar mugaye ɗungum. Mack ma a rubutunsa na 1715 bai ɗauki azabar a matsayin marar ƙarshe ba, ko da yake ya hana a mai da wannan abin wa'azi ga masu zunubi. Ba na kawo su don in raba gardama, sai don a ga cewa bangaskiyar waɗannan mutane ga Almasihu ba ta rushe ba duk da saɓaninsu a kan wuta. Ashe ba a kanta aka yi ginin ba.

Abin da ake bin mai wa'azi

Mai sauraro yana bin mai wa'azi bashin dalili. Wane ne Yesu, me ya koyar, me ya sa Kirista ya yarda ya tashi daga matattu, me bangaskiyar ta mai da mabiyanta. Na ƙarshen nan shi ne wanda maƙwabci yake iya dubawa da idonsa. Bayan abin da aka yi wa EYN, ta riƙe koyarwarta ta ƙin ramuwa, har a 2016 aka ba ta lambar zaman lafiya ta Michael Sattler a Jamus tare da CAMPI, ƙungiyar Kirista da Musulmi masu aikin sulhu a yankin Mubi. A Yola, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar cocin St. Theresa ga 'yan gudun hijira ba tambayar addini, a 2021 kuma ya miƙa gidaje 86 a Sangere-Marghi, da coci da masallaci a ciki. Waɗannan ba su tabbatar da tashin matattu ba, amma suna sa mai hankali ya tsaya ya tambayi me ke motsa mutanen nan, kuma daga irin wannan tambaya ce gamsuwa take farawa.

Ban ce a daina wa'azin hukunci ba. A mayar da shi inda Mai shi ya ajiye shi. A yi shi ranar Lahadi da safe, ƙofa a rufe, ga mu da muka ce mun gaskata: ga dattijon da ya cinye gonar marayu, ga wanda ya karkatar da buhunan agajin 'yan gudun hijira, ga ɗan kasuwar da ke da mudu biyu, ga wanda ke hura ƙiyayyar maƙwabci da sunan kishin addini. A nan tsoron wuta yana da haƙori, domin masu sauraron sun yarda da Alƙalin. Wanda yake waje kuwa, haƙƙinsa ne a ba shi hujja cikin ladabi, a ba shi lokaci, a kuma bar shi ya ga ko masu gargaɗin suna rayuwa kamar mutanen da suka yarda za a yi musu hisabi.